Yadda Ake Gano Dalilin Laushin Birki a Babur Mai Kwaskwarima, Mataki-Mataki

Tambayar da masu haɗa babur da hannunsu suka fi yi ba ta wuce wannan ba: an canza kan babur, an sa sabon tiyo, an ɗaura kalifa mai kyau (ƙarfen da ke matse faifan birki a jikin taya), an cire iska har an gaji, amma da ka matsa hannun birki sai ka ji kamar soso kake matsawa, wani lokaci ma har ya taɓa mariƙi. Amsar da ake saurin bayarwa ita ce a ƙara cire iska. Sau da yawa hakan ne, amma a babur da aka yi wa kwaskwarima ba kullum ba. Wanda ya fito daga kamfani, an riga an auna masta (famfon da hannun birki ke dannawa ya tura mai) da kalifa da tsawon tiyo sun dace da juna. Naka kuwa kai ka haɗa, kuma duk abin da ka canza zai iya buɗe wa iska sabuwar maɓoya, ko ya kawo laushin da ba ruwansa da iska sam. Don haka kafin ka ƙarar da wata kwalbar mai, bi matakan nan a jere. Na fara da waɗanda ba sa cin ko sisi, na ƙare da masu taɓa aljihu.

Gargaɗi: muddin hannun birki yana kaiwa mariƙi, babur ba ya hawa titi, ko da zagayen gwaji ne.

Kayan aiki

Man birki sabo, wanda ba a taɓa buɗe kwalbarsa ba. Sufana mai zobe daidai da nonon cire iska, wato 'yar kusar nan mai rami da ke jikin kalifa. Yawanci lamba 8 ce, wasu 10. Siririn tiyo mai haske wanda ake ganin abin da ke gudana a ciki, mai rami kamar milimita 5 zuwa 6, ya kama nonon tsam. Gorar da tsohon mai zai zuba. Sirinji babba, mai cin mililita 50 ko 60. Sababbin washa na jan ƙarfe ko alminiyom. Tsummoki masu tsabta, ruwa a kusa, maganin wanke birki na feshi, safar hannu da tabarau. In kana da sufanar auna ƙarfin ɗauri, ta fi komai amfani a nan, domin kusoshin birki a cikin alminiyom suke shiga, shi kuma ba ya yafiya.

1. Fara da gwajin hannu

Kada ka kwance komai tukuna. Yadda hannun birki yake yin laushin shi zai nuna maka inda za ka dosa.

Matsa shi da sauri sau biyar ko shida. Idan ya yi tauri, ka sake shi na ɗan lokaci ya koma yadda yake, to iska ce mafi kusa da zato.

Sai ka matsa da matsakaicin ƙarfi ka riƙe na daƙiƙa 30. Idan yana zurarewa a hankali zuwa mariƙi, ba iska ba ce. Ko dai mai yana yoyo a wani wuri, ko sil ɗin cikin masta, wato robar da ke tare mai, ya gaji yana barin mai ya koma baya.

Idan da safe birki lafiya lau, sai bayan doguwar gangara ko yawan tsayawa ya lalace, man ya sha ruwa yana tafasa, ko kuma birkin yana kama faifai kullum yana dafa kansa.

Idan a tsaye tauri ne, amma bayan ka tura babur 'yan mitoci matsin farko ya tafi a banza, na biyu ya kama, wani abu ne yake tura fiston ɗin kalifa, masu danna takalmin birki a faifai, baya: faifai ya karkace ko boris ɗin taya ya yi wasa.

Idan kuma hannun yana yin doguwar tafiya kafin ya kama, amma da ya kama sai ya tsaya daram, ka fara zargin girman masta ko ita kanta libar, wato hannun birkin. Wannan shi ne ciwon babura masu kwaskwarima, za mu daɗe a kansa a mataki na 9 da na 10.

Akwai wani hali da ake rikita shi da waɗannan: hannu tauri, amma babur ba ya tsayawa. Wannan mai ne ya taɓa takalmin birki, ko fuskarsa ta yi sulɓi saboda zafi. Magani sabon takalmi da wanke faifai, ba cire iska ba.

2. Nemo yoyo

Goge ko'ina ya bushe ƙarƙaf, ka ɗaure hannun birki da igiyar roba ko ka sa wani ya riƙe, sannan ka bi layin da farin tsumma ko takarda. Duba bakin tiyo a wajen masta, duk wata mahaɗa a tsakiya, makunnin wutar birki in mai aiki da matsin mai ne, bakin tiyo a wajen kalifa, gindin nono, da kewayen fiston. Ɗaga 'yar robar da ke rufe bakin fiston ɗin masta, inda liba take turawa. In ka ga danshi, ko wani farin gari da ya daskare, ko fenti ya kumbura ya yi ɓawo a ƙarƙashin wajen, masta ya daɗe yana tsiyaya.

Yoyon bakin tiyo kusan kullum daga washa ne. Kusar banjo, wato kusa mai rami da ke ɗaure bakin tiyo, tana son washa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma sau ɗaya ake amfani da su. In tiyo biyu ne a kan kusa ɗaya, washa uku.

Gargaɗi: kada ka yi maganin yoyo da ƙara ɗauri. Yawancin kamfanoni suna ba da ƙarfin ɗaurin banjo tsakanin Nm 20 da 35 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), nono kuwa kusan 6 kacal. Bi abin da mai kayan ya rubuta. Ka kuma tabbatar da tiredi, wato zanen murɗawa da ke jikin kusa, kafin ka cusa ta. M10x1.0 da M10x1.25 a ido kusan ɗaya suke, amma ba sa shiga wa juna. Kayan birkin kamfanin Brembo galibi na farko ne, baburan Japan da yawa na biyu, Harley-Davidson kuma sau da yawa ma'aunin inci. Kusar da ba ta shiga da yatsu cikin sauƙi ba, ba ta wajen ba ce.

3. Duba man da kansa

Rufe tanki da duk wani fenti da tsumma, ka juya kan babur har kofin masta, wato ma'ajiyar man birki, ya daidaita, sannan ka buɗe. Sukurorin murfin suna saurin cinyewa, danna sukudireba da ƙarfi kafin ka murɗa. Sabon mai fari ne mai ɗan rawaya-rawaya. In ya yi duhu, ko ka ga baƙin laka a gindin kofi, canza shi gaba ɗaya.

Nau'o'in man birki DOT 3, DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, kuma dukansu suna jan danshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Salsiyas, amma da ya sha ruwa kusan kashi 3.7 cikin 100, ma'aunin ya sauko wajen 155. Ruwan da ya tafasa ya zama tururi, tururi kuma yana matsuwa, sai hannu ya nutse. Shi ya sa ake canza mai duk shekara 2, kuma shi ya sa ragowar kwalbar da ta daɗe a buɗe ba ta da amfani.

Gargaɗi: DOT 5 daban yake da DOT 5.1, duk da kusancin lamba. Shi na silikon ne, launin shunayya gare shi, kuma ba ya gauraya da sauran. Tsofaffin Harley-Davidson da yawa da shi suke aiki, saboda haka in ka haɗa masta daga wani babur da kalifa daga wani, ka san abin da ya taɓa zama a cikin kowanne, ka wanke kafin ka haɗa. DOT 5 yana riƙe ƙananan kumfa ya daɗe bai sake su ba, kada a girgiza kwalbarsa, kuma ko an yi komai daidai hannunsa yakan ɗan fi na DOT 4 laushi. Man inji, man giya ko fetur kuwa, ko ɗigo ɗaya ya shiga, duk robobin ciki sun kumbura sai canji. Abin da aka rubuta a murfin kofi shi za ka zuba. In mai ya ɗiga a fenti, wanke da ruwa nan take.

4. Kalli hanyar da tiyo ya bi

Tsaya daga gefe ka bi tiyo da ido daga kalifa zuwa masta. Iska sama take nema. In hanyar hawa ce kawai babu saukowa, kumfa za su isa kofi da kansu. Duk inda tiyo ya hau sannan ya sauko, nan iska za ta zauna, kuma ko sau nawa ka matsa, mai zai wuce ta ƙarƙashinta ya bar ta.

Wuraren da aka fi samunta a babur mai kwaskwarima:

Wanda ya sa gajeren kai ya bar dogon tiyon asali, sai tiyon ya yi lanƙwasa ya haura saman masta. Wanda ya sa kai mai sunkuyawa ƙasa irin na tsere, sai masta ya karkata, bakin banjo ya fi ramin kofi tsayi, kumfa ta maƙale daidai kan kusar. Wanda ya sa dogon kai mai tashi sama, shi matsalarsa nisan tafiya: kumfa tana sauka kaɗan in an matsa, ta koma sama kafin matsi na gaba. Sai mahaɗar da ke raba tiyo biyu a ƙarƙashin fitila, da tiyon da ke tsallaka saman madigadi daga wannan kalifa zuwa waccan, da makunnin wuta da aka ɗaura a kan banjo.

Sannan kalifa. Nono dole ya kasance a can ƙololuwarta. In ka ɗauko kalifar hagu ka ɗaura a dama, ko ka yi mata sabon mazauni da ya juya ta, ko ta baya ce da aka rataya a ƙarƙashin faifai, nonon zai koma ƙasa ko gefe, iska kuma ta taru a saman fiston inda ba ta da mafita. Wannan kuskure ne da ke cinye wa mutane kwana da kwanaki, alhali gyaransa kusa biyu ne: kwance kalifar daga mazauninta ba tare da ka taɓa tiyo ba, ka sa katako ko ƙarfe mai kaurin faifai tsakanin takalman, ka riƙe ta nono na kallon sama, ka cire iskar a haka, sannan ka mayar.

Haka za ka yi wa masta. Sassauta maɗaurinsa ka juya shi, ko ka cire shi daga kan babur gaba ɗaya, har kofi ya zama shi ne mafi tsayi a duk layin. Tiyon da ya yi tsawo da yawa, miƙar da shi na ɗan lokaci don aikin, amma maganinsa na gaskiya a yanko wanda ya yi daidai.

Gargaɗi: kada ka taɓa matsa birki alhali kalifa tana waje babu komai tsakanin takalma. Fiston zai fito, mai ya zube, aiki ya koma farko.

5. Cire iska ta hanyar da aka saba

Zuƙe tsohon mai daga kofi da sirinji, ka bar ɗan kaɗan da zai rufe ramukan gindi, ka cika da sabo. Fara daga sama: naɗe banjon masta da tsumma, matsa hannu ka riƙe, sassauta kusar kaɗan har mai ya tsatso, ɗaure, sannan ka saki. Yi haka sau uku ko huɗu. Mutane da yawa suna tsallake wannan, kuma nan ne iskar take.

Sauko wajen kalifa. In biyu ne, fara da wadda ta fi nisa da masta a bin tiyo. Sa sufana a nono tukuna, sannan siririn tiyo a kai, ka ɗaga shi ya yi sama kaɗan kafin ya sauka cikin gora, domin mai ya zauna a bakin nono kullum. Tsarin ba ya canzawa: matsa a hankali, riƙe, buɗe rubu'in juyi, rufe kafin hannu ya kai ƙarshe, sannan ka saki a hankali. Tsakanin zagaye, ƙwanƙwasa kalifa da tiyo da ƙotar sukudireba. Ci gaba har mai ya fito fes babu kumfa.

Gargaɗi: sakin hannu alhali nono a buɗe yake, zuƙo iska ne. Barin kofi ya ƙafe ma haka, duba shi bayan kowane zagaye kaɗan. Kuma kada ka riƙa bugun hannu da sauri, kana farfasa babbar kumfa ne zuwa ƙanana da suka fi wuyar fita. Ɗora murfi a kai ba tare da ɗaurewa ba, don mai yakan yi tsartuwa daga kofi.

In kana amfani da famfon zuƙa, za ka ga kumfa ba sa ƙarewa. Yawancinsu ta tiredin nono suke shigowa, ba daga cikin birki ba. Ɗan giris na birki a kewayen gindin nonon daga waje yana tsayar da su.

6. Tura mai daga ƙasa

A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da babur mai dogon kai ko sabon tiyo da babu komai a ciki, domin tana kai iska inda dama take son zuwa. Cika sirinji da sabon mai, haɗa shi da siririn tiyo, ɗaga bakin sama ka tura har iskar cikinsa ta fita. Rage man kofi sosai. Sa tiyon a nono, buɗe kaɗan, ka tura sannu a hankali ba tare da ka taɓa hannun birki ba. Sa ido a kofi: za ka ga kumfa suna ɓullowa daga gindi, da farko manya masu fashewa, daga baya siraran jere. Zuƙe abin da ya taru kafin ya malala, ka rufe nono tun kana kan turawa.

In sirinji ya ƙi turuwa sam, kada ka yi masa dole, tiyon zai fice ya watsa maka mai. Alama ce ɗan ƙaramin ramin da mai ke komawa kofi ya toshe, ko liba tana danne fiston. Duba mataki na 9.

Gargaɗi: in man cikin kalifa tsoho ne mai datti, wanke shi ta hanyar mataki na 5 tukuna, kada ka tura laka cikin masta.

Wata dabara mai kama da wannan: cire kalifa, ka tura fiston su koma ciki gaba ɗaya a hankali. Man da suka kora zai ɗauki kumfa ya haura da su. Ka lura da kofi kada ya cika ya zube, kuma bayan ka mayar da kalifa ka matsa hannu har takalma su kama faifai.

7. Bar shi ya kwana a ɗaure

Juya kan babur yadda masta zai fi komai tsayi, matsa hannu ka ɗaure shi da igiyar roba, ka tafi. Matsin yana ƙanƙantar da kumfa su saki jikin tiyo su haura. Da safe kwance a hankali, ka riƙa ɗan taɓa libar, santimita ɗaya kawai, kana saki. Sau da yawa za ka ga 'yan kumfa na ƙarshe suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Dabara ce mai kyau don ƙarasa aiki, amma ba ta gyara abin da ya lalace. In hannu ya yi tauri da safe, bayan kwana biyu ya koma gidan jiya, ci gaba zuwa mataki na gaba.

8. Raba matsalar: sama take ko ƙasa?

Cire tiyo daga masta, ka toshe bakin da gajeriyar kusa marar rami mai tiredi iri ɗaya, da sabuwar washa. Cire iska a wajen kusar yadda ka yi wa banjo. Yanzu matsa. Masta mai lafiya zai tsaya ƙam bayan 'yar tafiya kaɗan. In ya yi laushi ko ya zurare, laifin nasa ne. In ya tsaya, matsalar tana ƙasa.

Idan tiyon roba ne, riƙe shi a tafin hannu wani ya matsa da ƙarfi; tsohon tiyo za ka ji yana kumbura. Kamfanoni da dama suna cewa a canza shi duk shekara 4, kuma tsawonsa yana ƙara yawan kumburin, shi ya sa dogon kai ya fi son tiyo mai saƙar ƙarfe.

Gargaɗi: ana iya matse tiyon roba da maɗauri mai santsi kusa da kalifa don a gwada, amma tiyo mai saƙar ƙarfe ba a matse shi ko kaɗan. Bututun cikinsa in ya lotsa ba ya dawowa.

In tiyo lafiya, durƙusa ka kalli kalifa yayin da ake matsawa. Abin da kake nema motsi ne. Faifai yana lanƙwasa gefe ɗaya? Kalifa ba ta tsakiya, ko fiston na gefe ɗaya ya maƙale. Mazaunin kalifa yana motsi? Ƙarfen da aka yanka shi da shi ya yi siriri, kuma duk wannan lanƙwasar a hannunka za ka ji ta. Dole takalma su kwanta a kan faifai daidai wa daida, faifai kuma ya ratsa tsakiyar kalifa. Ana gyara wannan da siraran washa na daidaitawa tsakanin kalifa da mazauni. Takalmin da ya cinye a karkace yana tona asirin wannan matsala. Kalifa mai zamewa, duba sandunan da take zamewa a kai, a wanke a shafa giris na birki.

Fiston da ya yi datti, fito da shi kaɗan, ka wanke kewayensa da burushi mai laushi, ka mayar, ka maimaita har duka su riƙa fitowa tare. Ɗaga taya ka juya ka ga ko faifai yana kaɗawa, ka kama tayar ka girgiza gefe da gefe don jin boris. Mafi ƙarancin kaurin faifai a rubuce yake a jikinsa. Takalmin da namansa ya kusa milimita 1 ya gama aiki. Sabon takalmi a kan tsohon faifai mai zane-zane kuma yakan yi laushi har sai ya zauna.

9. Masta da liba

In gwaji ya kama masta, sayi kayan gyaransa: fiston, sil da sifirin. Kafin ka sa, haska cikin ramin. In akwai tsatsa ko zane mai zurfi, sabon sil ba zai daɗe ba, canza mastan. Wanke da sabon man birki, shafa shi a sil kafin ka cusa, ka lura da fuskar da leɓen sil yake kallo tun lokacin da kake cire tsohon. A gindin kofi akwai ramuka biyu, babba da wani ƙanƙani. Ƙaramin ne yake toshewa.

Libar kwalliya ita ma tana da nata. Wadda ba a yi don mastanka ba, ko dai ta bar rata kafin ta taɓa fiston, ka yi asarar tafiya, ko ta riƙa danne shi kullum. In mai saiti ce, duba ko an matso da ita kusa da mariƙi da yawa. Wani lokaci duk matsalar ke nan. Duba kuma ko tana bugun akwatin makunnai ko wayar totur kafin ta gama tafiyarta.

Gargaɗi: libar da ke danne fiston ta fi laushi haɗari. Tana rufe ƙaramin ramin, mai ya yi zafi ya rasa hanyar komawa, birki ya kama kansa ana cikin tafiya. Dole a sami ɗan wasa kafin liba ta fara tura fiston.

10. Auna masta da kalifa

In babu iska, babu yoyo, babu motsi, amma tafiyar hannu ta yi tsawo, to masta ya yi wa kalifa ƙanƙanta. Yakan faru in an ƙara faifai na biyu, ko an sa kalifa mai fiston huɗu ko shida aka bar mastan asali. Ƙaramin fiston yana tura mai kaɗan a kowane matsi, sai hannu ya yi nisa kafin manyan fiston su cika.

Girman masta yawanci a zane yake a jikinsa: 11, 1/2, 14, 5/8 da sauransu, wasu a milimita wasu a inci. Lissafin ba wuya. Faɗin fuskar fiston shi ne kaurinsa sau kaurinsa sau 0.785. Masta mai milimita 14 ya ba da 154. Mai 5/8, wato milimita 15.9, ya ba da 198. Mai 17 ya ba da 227. Tara na duk fiston ɗin kalifa, ka raba da na masta. In kalifa mai zamewa ce mai fiston a gefe ɗaya, ninka nata sau biyu.

Misali: kalifa biyu, kowace da fiston huɗu masu milimita 30. Kowane fiston 707, takwas sun zama 5,656. Da masta 14 za ka sami kusan 37, hannu zai yi laushi da doguwar tafiya ko da babu ƙwayar iska ɗaya. Da 5/8 ya sauko kusan 29, da 17 kuma 25. Masu haɗa babura sun saba neman wajen 23 zuwa 27 a birkin gaba. Ba doka ba ce, domin tsarin liba ma yana da tasiri: a masta irin Brembo 19x18 da 19x20 girman fiston ɗaya ne, tsarin liba ne ya bambanta, amma na 20 ya fi tauri da gajeriyar tafiya.

Gargaɗi: kada ka ce bari in sa mafi girma in huta. Masta da ya yi yawa yana ba da hannu mai tauri sosai amma birki marar ƙarfi, sai ka matsa da dukan yatsu kafin babur ya tsaya.

Ta fuskar kuɗi, mai da washa su ne mafi arha, sai kayan gyaran masta ko sil ɗin kalifa, sai tiyo mai saƙar ƙarfe, sabon masta ko faifai kuma su ne a sama. Wanda ya fara sayayya daga sama, sau da yawa yakan gano daga baya cewa nonon kalifarsa ne ke kallon ƙasa.

11. Birkin baya, na ganga, da ABS

Na baya duk dokokin nan sun hau kansa, ƙari da sandar da ke haɗa feda da masta. In an matsar da matakan ƙafa gaba, doguwar sanda takan lanƙwasa, mahaɗanta su yi wasa. Kalle ta ana takawa. Tiyon da ke saukowa daga kofi kada ya lanƙwashe, kuma a bar ɗan wasa a sandar turawa.

Birkin ganga mai waya ko sanda ba shi da iskar cirewa. Laushinsa daga wayar da ta miƙe ne, ko doguwar waya mai lanƙwasa da yawa, ko takalman da suka cinye.

Babur mai ABS kuwa, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an kama birki da ƙarfi, in iska ta shiga na'urar, a babura da yawa sai an haɗa kwamfutar gwaji ta buɗe bawul ɗin ciki kafin ta fita. Wannan aikin bakanike mai kayan aikin ne. DOT 5 kuma ba ya shiga ABS.

12. Gwaji kafin titi

Daidaita mai zuwa layin sama, kada ka cika fal, zafi yana buƙatar wurin faɗaɗa. Mayar da robar murfi yadda take a naɗe, ɗaure, rufe nono da hularsa, wanke faifai da maganin feshi. Juya kai hagu da dama har ƙarshe, ka ɗaga gaba taya ta rataya, ka tabbata tiyo bai ɗame ba kuma ba ya gugar komai. Juya taya ka matsa ka saki. Ta tsaya nan take, ta kuma sake juyawa ba tare da riƙewa ba. Duba wutar birki.

Tura babur da ƙafa ka kama birki. Sannan ka hau a fili marar cunkoso da gudun tafiyar ƙafa, ka ƙara kaɗan-kaɗan. In takalma sababbi ne, yi rage gudu kamar sau 10 zuwa 20 daga wajen kilomita 50 a awa da matsakaicin matsi, ba tare da ka tsaya cak kana riƙe da birki ba, kana ba shi tazarar hucewa. Bayan haka yi 'yar tafiya ba ka taɓa birkin gaba ba, ka tsaya da na baya, ka kai hannu kusa da faifai ba tare da ka taɓa ba. In yana huci, birki yana kama kansa, koma mataki na 9. Washegari sake bin duk mahaɗai da farar takarda, ka maimaita riƙon daƙiƙa 30, sannan ka rubuta ranar da ka zuba man a inda za ka gani.